Bayanau a Hausa: Ɗafin da Kunne Ke Ji, Boko Bai Rubuta Ba

  

Batun da aka ɗora mini shi ne bayanau, wato kalmar da ke faɗa mana yadda aka yi aiki, ko inda aka yi shi, ko lokacin da aka yi shi, da kuma irin ɗafin da harshe ke liƙawa a ƙeyar kalma don ta zama bayanau. Mu a nan Tawa, yawancinmu ba a darasin Hausa muka fara gamuwa da wannan batu ba. A darasin Faransanci ne. Duk yaron da ya zauna a lakwal, wato makarantar boko, a nan cikin gari ko a Keita ko Buza ko Abalak, an koya masa doka guda mai daɗin haddacewa: ka ɗauki sifa ta mace, ka liƙa mata -ment. Lent ta koma lente, ta koma lentement. Doux ta koma douce, ta koma doucement. Mushe, wato malami, ya rubuta a allo, ya ja layi ƙarƙashin haruffa huɗun ƙarshe, yaro ya gani da idonsa. Sai yaron ya waiwayi harshen da ya sha a nono, ya nemi wutsiya irin wannan bai samu ba, ya ƙudurta a ransa cewa Hausa ba ta da wannan dabara. Ba yara kaɗai ba, har manya masu ilimi na sha jin suna faɗin haka, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin ba gaskiya ba ne. Hausa tana da hanyoyinta na gina bayanau, masu tsari, masu doka. Abin da ya ɓoye su shi ne, mafi yawan aikin tsawon wasali da karin sauti ne ke yin sa, su kuwa waɗannan biyu rubutunmu na boko ba ya nuna su, a Nijar ko a Nijeriya.

Ita kanta -ment ɗin ba ɗafi ba ce tun asali. Cikakkiyar kalma ce a Latinanci, mente, daga mens, wato hankali ko zuciya. Mutumin Rum in ya ce lenta mente, cewa ya yi "da hankali mai nawa". Kalmar mens tamata ce, shi ya sa har yau ake tilasta wa yaro ya fara mayar da sifa ta mace kafin ya liƙa ɗafin, ko da ba a gaya masa dalili ba. Shekaru suka ja, kalmar ta manne, ma'anarta ta gushe, ta zama wutsiya kawai. Haka ma -ly ta Turanci, daga wata tsohuwar kalma ta fito mai nufin jiki ko siffa. Kun ga ke nan, waɗancan harsuna ga jikin mutum da zuciyarsa suka je neman bayanau. Hausa ma can ta je, sai dai ba ta bi tafarkinsu ba. Maimakon ta liƙa sunan gaɓa a bayan wata kalma, sai ta ɗauki sunan gaɓar shi kansa ta ɗan murɗa shi.

Ku saurari mai ba da labarin kokowa a rediyo. Mu da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garinmu a 1975 ba ma bukatar a kwaikwaya mana muryarsa. Za ku ji yana cewa: ya shiga ciki, ya kama shi ta baya, ya ja shi gaba, ya kai shi ƙasa. Kalmomi huɗu ne nan, ciki da baya da gaba da ƙasa, dukkansu bayanau, uku daga cikinsu kuma sunayen sassan jiki ne da aka murɗa. To, ina murɗin yake?

Ku faɗi "gasar ƙasa", sannan ku faɗi "ya kai shi ƙasa", ku bar kunnenku ya yi alƙalanci. A ta farko, ƙasa suna ce, gaɓoɓinta biyu duk karin sama, wasalin ƙarshe dogo. A ta biyu, murya ta hau a gaɓar farko ta sauko a ta biyu, wasalin ƙarshe kuma gajere. Ɗan ƙasa daban, jirgin ƙasa daban, ko da yake haruffa huɗu iri ɗaya muke rubutawa. Haka "ya dafe ciki" da "ya shiga ciki": na farko tumbi ne, murya ta hau ta sauko, wasali dogo, na biyu wuri ne, murya a sama duka, wasali gajere. "Ciwon baya" da dogon wasali, "ya koma baya" da gajere. Dare ya yi, amma mun iso da dare. Rana ta faɗi, amma mun yi tafiyar da rana. Gida ya rushe, amma yana gida. A kowane ɗayan waɗannan, suna yana ƙarewa da dogon wasali, bayanau yana ƙarewa da gajere. Wannan ita ce babbar dokar, kuma ba wanda ya koya mana ita a aji. Yaron da ke kiwon awaki a Barmu bai taɓa kuskure a kanta ba.

Ga malamai masu son hanyar gwadawa a aji, akwai mai sauƙi. Gajeren wasali in ya zo a ƙarshen magana, maƙogwaro yakan ɗan tsuke, numfashi ya yanke cak. Dogon wasali kuwa sakin sa ake yi ya tafi. A sa yaro ya ɗora yatsa a maƙoshinsa ya ce "ina son ƙasa", ya ce "na zauna ƙasa". Zai ji bambancin a yatsansa.

Akwai kalmomin da murɗinsu ya fi haka ƙarfi, har boko ma ya kasa ɓoye shi. Zuciya takan yar da wutsiyarta ta mace ta zama zuci: ya faɗa a zuci, zancen zuci. Safiya ta zama safe, ko sahe a bakinmu na Adar. Tsakiya ta zama tsaka. Kai ya zama ka. Matan ƙasar Keita da suka yi ta jidar duwatsu a shekarun 1980 don tare zaizayar ƙasa, a ka suka ɗauke su. Almajirin da ya haddace sura, da ka yake kawo ta. Sai kuma ƴan kalmomin da ke karɓar ɗafa-ƙeya ta zahiri, wato gajeren -a mai karin ƙasa. Baki ya zama baka, jiki ya zama jika, nisa ya zama nesa. Wanda ya sha wahala ya ji a jika. Maganin da ba allura ba ta baka ake shan sa. Duk ɗalibin da ya karanta "adabin baka" ko "waƙar baka" ya yi amfani da wannan ɗafi, ko ya sani ko bai sani ba.

Yaya za a tabbatar cewa waɗannan ba sunaye ba ne da aka taƙaita don lalaci? A gwada ba su mallaka. Ana cewa a zuci, amma a zuciyata. Ba a cewa a zucina. Ana cewa ta baka, amma ta bakinsa. Da safe, amma da safiyar Lahadi. A jika, amma a jikinta. Da zarar an keɓe abin, an ce na wane ne ko na yaushe ne, sai cikakken suna ya dawo. Bayanau ba ya nuna wata zuciya takamaimai, yanayi kawai yake nunawa. Akwai ma shaida ta biyu mai ban sha'awa. Ƙasa tamata ce, don haka muke cewa ƙasar Hausa. Amma muna cewa ƙasan tebur, ƙasan itace. Me ya kawo -n a jikin kalmar mace? Ba sunan aka jingina ba, bayanau aka jingina, shi kuwa ya riga ya bar jinsin uwarsa.

A nan ina so in tsaya in jinjina wa malamanmu na allo da na zaure. Rubutun ajami yana bambance dogon wasali da gajere, domin yana da alif da wawu da ya na ja. Malamin da ya ƙware yakan ƙara alif a ƙarshen ƙasa ta ɗan ƙasa, ya bar ƙasa ta faɗuwa da fataha kaɗai. Mawallafan rubutacciyar waƙa ma dole su san wannan, tun da awon baiti a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, gajarta wasali guda yana iya karya layi. Ba ina cewa a bar boko ba. Ina cewa ne abin da boko ya bari, ajami ya daɗe da kama rabinsa, saura karin sauti wanda shi ma bai rubuta ba. Masu binciken harshe su suka cike wannan giɓi da alamomi a kan wasula. Manyan littattafan nahawun Hausa na Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001 duk da alamomin suke, kuma duka biyun sun yi bayanin wannan doka ta gajarta wasali.

Hanya ta biyu ta fi ta farko yawan ƴaƴa, kuma ita ce ta fi kama da abin da yaron lakwal ke nema. A ɗauki aikatau, a cire wasalinsa na ƙarshe, a sa gajeren -e, a kwantar da murya a ƙasa sai a gaɓar ƙarshe a ɗaga ta. Zauna, zaune. Tsaya, tsaye. Cika, cike. Shirya, shirye. Abin da ya fito yana nuna halin da abu ke ciki bayan aiki ya auku: buhun albasa yana cike, mota tana tsaye a tasha. In aka sa "a" a gabansa, sai ya faɗi yadda aka yi wani aikin: ya shigo a guje, ta amsa a fusace, sun fita a sace, an yi magana a ɓoye, zan faɗa a taƙaice.

Ku lura da abin da -e ke yi wa baƙin da ke gabanta. T takan koma c: rubuta, a rubuce, kwanta, a kwance, sata, a sace. D da z sukan koma j: gudu, a guje, baza, a baje. S takan koma sh: fasa, a fashe. Wannan ba keɓantaccen abu ba ne, haka waɗannan baƙaƙe ke yi a gaban i da e a wurare da dama na nahawunmu, kamar mota da motoci, kaza da kaji. In aikin yana da abin da ya faɗa a kansa, sai "da" ta shigo: tana riƙe da yaro, yana ɗauke da kaya, suna sanye da fararen riguna. In masu halin suna da yawa, sai a ninka farkon kalma: a zazzaune, a warwatse.

Nan ma boko ya ɓoye mana rabin labari. "Ya buɗe ƙofa" da "ƙofa tana buɗe", rubutu ɗaya ne. A baki kuwa, ta farko murya ta hau ta sauko, ta biyu ta fara daga ƙasa ta hau. Haka rufe, haka ɗaure, haka riƙe. Yaron da aka ba shi jimlolin nan a takarda aka ce ya ware aikatau daga bayanau, in bai karanta su da murya ba, canka kawai zai yi.

Yanzu mu dawo gida. A Kano ana cewa yana zaune, mu muna cewa shina zamne. A Kano akuya tana ɗaure, a Adar tana ɗamre. Can ƙofa tana rufe, nan ƙohwa tana ruhe. Can wake yana dafe, nan dahe yake. Wasu yaranmu in sun je birni sukan ji nauyin wannan furuci, su ɗauka gurɓatacciyar Hausa ce. Ku gaya musu cewa tun wajen 1928 wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cewa a Hausar gabas ne baƙaƙen leɓe irin m da b suka narke suka koma u a ƙarshen gaɓa. Zamna da amre da sabka da abduga su ne tsofaffin siffofi, zauna da aure da sauka da auduga daga baya suka zo. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga batunmu shi ne, duk bambancin a jikin saiwar kalma ya tsaya. Ɗafin bai motsa ba. Gajeren -e ɗin nan da karinsa na ƙasa zuwa sama, shi ne a zamne, shi ne a zaune. Mutumin Tawa da ya tafi ci-rani Abijan ya haɗu da Bakano da Badamagare a zango, kowa da saiwarsa, amma ƙeyar kalmarsu ɗaya ce. Wanda yake son ganin Hausarmu a rubuce da alamomin kari da tsawon wasali, akwai littafin Bernard Caron, Le haoussa de l'Ader, wanda aka buga a 1991. Da Faransanci yake, kuma ya kamata a ce kowane ɗakin karatu a wannan jiha yana da shi.

Daga cikin wannan hanya ta biyu ne wani sabon reshe ya tsiro, kuma a ganina shi ne abu mafi rai a nahawun Hausa na zamaninmu. Hausa tana mayar da suna aikatau da ɗafin -anta ko -ta: tsoro, tsorata, gaggawa, gaggauta, siyasa, siyasantar da. In aka ɗora -e a kan wannan, t ta koma c, sai a sami a tsorace, a gaggauce, a siyasance. Da ma muna da a Hausance, a Larabce, a Turance, a Musulunce, ƴan'uwan Larabci da Turanci da Musulunci. To, da kafofin yaɗa labarai suka zo, tun daga sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, zuwa Muryar Sahel a Yamai, zuwa RFI Hausa da ta fara a 2007, kullum mai fassara yana cin karo da kalmomi irin officiellement da scientifiquement, kuma agogo ba ya jiran sa. Sai wannan ƙira ta yi masa rana: a hukumance, a kimiyyance, a addinance, a al'adance, a gargajiyance, a zamanance, har a dimokuraɗiyyance. Ku duba da kyau, a wasu daga cikinsu babu aikatau a tsakiya. Da wuya ka ji wani ya ce "ya kimiyyanta", amma kowa ya gane "a kimiyyance". Ma'ana, -ance ta fara cin gashin kanta, ana liƙa ta kai tsaye a jikin suna. Abin da ya faru da mente a cikin ɗaruruwan shekaru, ga ɗan'uwansa yana faruwa a kunnenmu.

Ina maraba da wannan ɗafi. Namu ne, da kayan gida aka gina shi, kuma yana rage tsawon jimla. Inda nake jan kunne shi ne kada mai fassara ya ɗauka cewa duk inda ya ga -ment sai ya sa -ance. Ita -ance tana nufin "ta fuskar kaza" ko "bisa tsarin kaza". Ba ta maye gurbin da sauri, da ƙarfi, da kyau, a hankali, cikin natsuwa, waɗanda suna ne kawai da ɗan harafi a gabansa, kuma su ne hanyar yau da kullum. Doucement a bakin tsohuwa mai lallashin jika sannu-sannu ce. Duk wanda ya ƙirƙiro mata wata kalma mai -ance ya ɓata magana.

Sannu-sannu ta kawo mu ga ninki, wanda zan ratsa a gurguje. Cikakken ninki wani lokaci yana ƙara ƙarfi, kamar maza-maza, wani lokaci yana sassautawa, kamar baya-baya da ƙasa-ƙasa da sama-sama. Wanda ya yi barci sama-sama bai yi barcin kirki ba. Wani lokaci rarrabawa yake yi: gida-gida, ɗaya-ɗaya. Ninkin gaɓar farko kuwa tsanantawa yake yi, shi ya ba mu da sassafe, da daddare, kurkusa. Larabci ma ya ara mana ƴan kalmomi da nasa ɗafin na tanwini a jikinsu, irin su abadan da masalan da galiban, amma a dunƙule muka karɓe su, ɗafin bai haihu a Hausa ba, ba wanda ke liƙa -an a jikin kalmar Hausa. Amsa-kama kuwa, irin fari fat da baƙi ƙirin da tsayawa cak, lacca ce mai zaman kanta.

Me ya sa nake ɗaukar wannan batu da zafi haka? Tun a shekarun 1970 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa ta hukuma, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan yana nufin za a ƙara rubuta littattafan nahawu da Hausa, kuma ƴaƴanmu za su karanta su. In marubucin littafi ya ɗauko babin bayanau na Faransanci ya fassara shi kan-kan-kan, zai rubuta cewa bayanau kalma ce da ba ta canzawa, ya jera jiya da yau da gobe da nan da can, ya rufe babin. Zuci da baka da jika za su tafi a matsayin kalmomin da suka saɓa doka, zamne kuma a ja mata jan layi a ce kuskure ce. Yaro zai fita aji da ilimin da bai kai wanda ya shigo da shi a kunnensa ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ba sai an canza ƙa'idar rubutu ba, domin mai karatu Bahaushe yana gane ƙasa daga ƙasa ta wurin jimla, kuma cika takarda da alamomi zai wahalar da jarida da wasiƙa. Amma a littafin nahawu, a wannan babi kaɗai, a sa alamar tsawon wasali da ta kari a kan misalai. Darasin kuma a fara shi da baki kafin a taɓa alli: malami ya faɗi jimla biyu, yara su maimaita, su faɗi wadda wasalinta ya yanke. Masu horar da malamai a makarantar Kaocen ta nan Tawa, wannan a hannunku yake. Ku kuma ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa aka buga a 1975, kowannenku yana da wayar da ke naɗar murya. Littafin Caron ya haura shekara talatin. In kun je hutu Kalfu ko Tamaske ko Tabalak, ku nemi izinin tsofaffi ku naɗi hirarsu, ta noma da ta su da ta fatauci, ku rubuta ta yadda suka faɗe ta, da zamne da sahe da ruhe, kada ku gyara musu zuwa Hausar rediyo. Sannan ku bi ta jimla-jimla, ku fitar da kowane bayanau, ku sa masa alamarsa, ku rubuta sunan garin da aka ji shi a gefe.